A Gajimare Ba a Zama

Laraba, da yamma

Yau na ƙona hannun rigar wani bawan Allah. Mai shago ta ɗaga rigar ta leƙo ni ta cikin hudar, ta ce, "Auta, guga na ɗauke ki yi ko gashi?" Na ce dutsen gugar ne ya yi zafi da yawa. Dutsen guga bai yi laifin komai ba, hankalina ne ya tafi Gajimare, don ranar Asabar za a buɗe shi.

Mama ta ce wai mene ne wannan Gajimaren da ya hana ni cin abinci. Na yi mata bayani: sabon wasa ne na kwamfuta, dubban mutane ke shiga lokaci ɗaya ta intanet, kowa da jaruminsa, a haɗu a yaƙi dodanni. Na nuna mata tallan a waya. Ga birni a kan gajimare, ga dawakai masu fikafikai, ga ruwan sama da ke jiƙa rigar jarumi har ka ga tana ɗiga. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "To wa zai shanya musu?"

Mu huɗu ne tun a tsohon wasanmu: ni, da Yaya, da Kafinta abokinsa tun suna firamare, da Malama, wadda ba mu taɓa ganin fuskarta ba sai dai murya. Yara take koyarwa a wani gari mai nisa, amma a wasa ƙato ce mai guduma. Yaya ne jagora. Dogo suke ce masa, a cikin wasa da wajensa. Gaskiya yaƙinmu kaɗan ne. Da mun kashe dodo ɗaya ko biyu sai mu nufi bakin wata rijiya a bayan kasuwa, kowa ya danna maɓallin zama, jarumanmu su miƙe ƙafa, mu kuma mu sa abin magana a kunne mu yi ta hira har Mama ta kira mu cin abinci. Bara aka rufe wancan wasan. Bayan nan kuma sauran abin ya faru.

Tun da aka dawo da Yaya gida daga asibiti a keken guragu bai yi magana da Kafinta ba, bai amsa wa Malama saƙo ba. Ni ma abin da nake samu shi ne "to", da "a'a", da "ja min ƙofa". Na saya masa wasan, na sa masa a kwamfuta, na ɗora ta a kan teburin nan mai tsallake gado. Bai kalle ta ba. Ba komai. In na samo mana rijiya a Gajimare muka zauna mu huɗu, na san bakinsa zai buɗe. Abin da nake so ke nan, ba dodo ba.

Asabar, da safe

Yau ne! Na karɓi hutu, na yi wanka, har turare na fesa, kamar za su ji ƙamshina a can.

Asabar, da rana

Layi. Wai sai an bi layi kafin a shiga. Lambar mutanen da ke gabana tana sauka, ina murna, sai in ga ta sake hawa. Kafinta ya kira ni yana huci: "Ni fa na rufe shago saboda wannan, ga shi ina zaune ina kallon lamba kamar mai jiran likita." Malama ta ce ta gama duba jarrabawar aji guda tana jira.

Asabar, da yamma

Na shiga! Kai, abin dariya ba ya ƙarewa.

Dokina ba shi da fikafikai, kuma da baya yake tafiya. In na ce masa gaba sai ya ja da baya, yana kallona da idon tausayi. Jarumin Kafinta ya fito babu kai, hula ce kawai ke yawo a saman wuya. Malama ta ɗaga guduma sau ɗaya, ƙasa ta haɗiye ta, muna jin muryarta tana cewa, "Jama'a, har yanzu faɗuwa nake, ku ci gaba da hira." Ruwan saman da suka yi mana alkawari ya zo, amma a cikin ɗakuna kawai yake zuba.

A ƙofar birni akwai wani tsoho na cikin wasan, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Jarumi, ka ga akuyata?" Shi ne aikin farko, sai ka samo akuyar za a ba ka takobi mai kyau. Jarumai sun fi a ƙirga, da sulke da kwalkwali, suna zagaye gari suna neman akuya ɗaya, kuma babu wanda ya gan ta. Na yi dariya har na ƙware. Da gangan na bar ƙofar ɗakina a buɗe don dariyar ta tsallaka.

Sunan Dogo a jerin abokai bai kunna ba.

Lahadi, da yamma

Na samo rijiya. Tana bayan kasuwa kamar waccan, har da guga a gefe. Na kira su Kafinta, muka tsaya a bakinta, na danna maɓallin zama. Shiru. Na sake dannawa, jarumata ta yi tsalle. Na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya: akwai na rawa, akwai na tafi, akwai na kuka, akwai ma na yi wa mutum gwalo. Babu na zama.

A Gajimare ba a zama. Birni guda, da kujeru a gidajen abinci, da benci a bakin hanya, amma kowa a tsaye ƙiƙam kamar an zo ɗaukar hoto. Doki mai tafiya da baya na yafe. Wannan kam ban yafe ba. Ta yaya zan ce wa Yaya ya zo hira a tsaye?

Talata, da yamma

Aiki ya yi yawa a shago, labulen wani otal aka kawo, tun safe ban sa ɗuwawuna a ƙasa ba. Na dawo na kai wa Yaya shayi, ina ba shi labarin rashin maɓallin don in sa shi dariya. Bakina ya yi ta zuba. Na ce, "Ni wallahi na gaji da tsayuwa, a shago tsayuwa, a wasa tsayuwa, wanda ya samu zama ai ya huta."

Sai da maganar ta fita na ji ta.

Ya ce, "Ja min ƙofa."

Laraba, da safe

Bai sha shayin ba.

Juma'a, da yamma

Kafinta ya zo da kayan aikinsa ya cire dokin ƙofar ɗakin Yaya, ya ƙara wa ƙofar faɗi, ya kuma kafa katako a kan matakalar falo. Yaya ya juya fuska bango tun da ya ji muryarsa. Kafinta bai ce masa komai ba, sai ya yi ta magana da ni da ƙarfi yana fiƙe katako.

"Auta, kin san jiya na ga kaina? Yana can kan rufin gidan tsoho mai akuya, shi kaɗai, yana kallon gari. Na yi masa magana bai kula ni ba. Na ce to, ka ga dai halin wani da na sani ka ɗauko."

Daga kan gado na ji wani sauti. Mama ta ce tari ne. Ni na san tarin Yaya, wannan ba shi ba ne.

Da Kafinta zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa inda takalman Yaya suke a jere, ya daɗe yana ɗaure jakar kayan aikinsa da ta riga ta ɗauru.

Lahadi, da rana

Na zama shugaba ban shirya ba. Na rubuta ƙorafi a dandalin 'yan wasa, na ce a ba mu maɓallin zama ko a faɗa mana laifin da muka yi. Kafin in gama wanke-wanke mutane sun yi ca a kai. Wani ya ce jaruminsa ya fara kumburin ƙafa. Wata ta ce ta bar mijinta a falo ta zo nan don ta huta, ga shi nan ma babu hutu. Yanzu in na shiga birni sai a yi ta danna mini maɓallin tafi, ana kirana Uwar Zama.

Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce ya ji kukanmu, ya aiko wa kowa kyauta. Na buɗe tawa. Kujera ce. Kujera mai kyau, da zanen zinariya, ta ado. Ana iya ajiye ta, ana iya zagaya ta, ba a iya zama a kanta. Malama ta sa wa tata guduma.

Litinin, da yamma

Mai gashin ƙashi ya zo yau. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya yi magana da Mama a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. Da ya tafi na tarar idonta ya yi ja, ta ce albasa ce. Tun shekaranjiya albasa ta ƙare a gidan nan, ni aka ce in sayo na manta.

Ta goge takalman Yaya ta mayar da su inda suke.

Laraba, da yamma

Gari ya fara watsewa. Jerin abokaina duk ya dushe, kowa ya koma wani wasan. Dodon farko da muka je yaƙa mun same shi ya maƙale a bango, rabi ciki rabi waje, sai wutsiya ke motsi. Kafinta ya ce shi ba ya dukan wanda ke cikin matsala. Tun da dawakai sun lalace, ko'ina sai a ƙafa, kuma ƙasar nan faɗi gare ta kamar ba za ta ƙare ba. Kowa zagi yake.

Malama ta ce, "Auta, ni fa zan goge shi. Na gaji. In Dogo zai zo da ya zo."



Na roƙe su su ƙara mini lokaci kaɗan, na ce an kusa ba mu zama, da an ba mu zai zo. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar shi ya gaya mini. Tsoro nake ji. In su biyun nan suka tafi, ban san ta wace ƙofa kuma zan shigo masa da mutane ba.

Alhamis, da rana

Malama ta kira ni ina tsakiyar feshin sitaci. "Auta, ajiye abin da ke hannunki. Na leƙa wasan lokacin hutun tara, don in yi masa kallon ƙarshe. Sunan Dogo a kunne yake."

Na ce ƙarya ne. Ta ce ita da ke hukunta masu ƙarya kullum? Ta yi masa sallama bai amsa ba. Ta duba taswira, ta gan shi can gefen duniya inda babu dodo babu kasuwa, ɗigo ɗaya yana matsawa a hankali.

Na sa wa wandon mutum sitaci har ya iya tsayawa da kansa.

Alhamis, da yamma

Ashe da rana yake shiga, in na tafi aiki. Na tambayi Mama, ta ce ai kullum tana jin ƙas-ƙas ɗin maɓallai, ta ɗauka na sani. Murna nake, kuma haushi kamar ya kashe ni. Ni na saya, ni na sa masa, ni nake ta faɗa da kamfani saboda shi, shi kuma yana shiga ta bayan gida.

Juma'a, da rana

An ɗauke wuta a shago, mai shago ta ce kowa ya kama gabansa. Na dawo gida na cire takalmi tun daga waje, na laɓe a bakin ƙofarsa. Ba a gado yake ba. Yana kan keken, ya jawo tebur gabansa, ya ba ni baya.

Jaruminsa dogo ne kamar kullum, da rigar farko da ake ba kowa, ko takobi babu. Yana hawan wani dutse, taku ɗaya bayan ɗaya. Ba ya gudu, ba ya tsalle. In ya zo inda hanya ta rabu sai ya tsaya ya duba, sannan ya ci gaba.

"Auta, ki shigo ko ki tafi, kin tare min haske."

Na shiga na tsaya a bayansa. Na ce, "Yaya, me kake yi a nan? Babu komai a nan fa."

"Tafiya nake."

"Zuwa ina?"

"Tafiya dai."

Na tsaya ina jin ƙarar takun jarumin a kan tsakuwa. Ya kai ƙoli, ya juya, sai ga wata farar aba tana biye da shi tana tauna. Na ƙwala ihu har Mama ta yar da murfin tukunya. Akuyar! Akuyar da duniya ke nema! Ya ce tun makon jiya ya same ta a bayan dutsen, babu wanda ya zo nan ne saboda nisa. Bai mayar wa tsohon ba, wai tana taya shi tafiya.

Na ce gobe kamfani zai saki babban gyara, an ce har da zama a ciki, za mu haɗu a bakin rijiya. Na ce ko don ya nuna wa Kafinta akuyar. Ya ce, "Da nisa daga nan." Na ce to ya taso da wuri.

Bawan Allah, yawo yake ta yi saboda babu inda zai zauna. Gobe zan share masa hawaye.

Asabar, da safe

An saki gyaran. Dawakai sun daina tafiya da baya, yanzu a gicciye suke tafiya. Amma akwai maɓallin zama. Na gwada a ɓoye a bayan wani gida, jarumata ta naɗe ƙafa ta zauna daram. Na sumbaci kwamfuta.

Asabar, da yamma

Zan rubuta wannan a hankali don kada in manta komai.

Duk wanda ya rage a Gajimare ya zo bakin rijiya. Ana ta rawa, ana kiran Uwar Zama ta fito ta buɗe taro. Na ce a jira. Kafinta na gefena, an mayar masa da kansa amma a juye. Malama ta ce, "Auta, in bai zo ba fa?" Na ce zai zo. 

Sai ga shi daga ƙofar birni, a ƙafa, akuya na biye. Wurin ya rikice. Jarumai suka yi ta tsalle, tsohon nan kuwa akuyarsa ta wuce ta gabansa yana tambayar wani ko ya gan ta. Dogo ya ratso taron ya tsaya a gabanmu. Alamar abin maganarsa ta kunna, amma numfashinsa kawai muke ji.

Na ba da umarni, kowa ya danna. Filin nan gaba ɗaya ya zauna lokaci guda, kamar an yanke wa taron ƙafafu. Ni na zauna, Kafinta ya zauna, Malama ta zauna da gudumarta a cinya. Abin da na yi makonni ina faɗa a kai ke nan, kuma ya yi kyau ƙwarai.

Mutum ɗaya ne a tsaye.

Na ce, "Yaya, maɓallin yana ƙasa ta hagu, kusa da na rawa."

Jaruminsa bai motsa ba.

"Yaya, ko in zo in nuna maka?"

Sai muryarsa ta shigo kunnena, ta kuma shigo ta bango daga ɗakinsa, duka biyu lokaci ɗaya. "Na gan shi, Auta. Na zauna ya ishe ni. Ku bar ni a tsaye."

 Na kalli jarumata a zaune ta miƙe ƙafa, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Makonni ina yi masa yaƙin neman kujera.

Jarumin Kafinta ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Dama ƙasar nan da sanyi, Dogo." Malama ta miƙe ta saɓa guduma. Ni hannuna ya ƙi samun maɓallin, sai da na yi rawa, na yi gwalo, sannan na tashi. Yaya ya yi dariya. Ba tari ba, dariya, irin mai ƙarewa da shaƙuwa.

Ya ce, "Kafinta, wa ya ɗaura maka kai haka? Ko kai ka yi aikin?" Kafinta ya ce ai shi ma ya san aikinsa ya fi haka kyau. Yaya ya ce, "Akwai hanya a bayan dutsen can, tana bi ta bakin wani tafki. Babu dodo, babu komai. Da nisa fa. Za ku iya?"

Malama ta ce, "Wuce gaba."

Muka bar taron a zaune muka fita, shi a gaba, akuya, sannan mu. Ya yi ta magana. Ya nuna mana inda ƙasa ke haɗiye mutum, da itacen da ke shawagi babu saiwa, ya tambayi Malama yaranta, ya ce wa Kafinta katakon falo ya ɗan karkace ta dama, tun daga ɗaki yake hango shi. Wasan nan bai gyaru ba ko kaɗan, ruwa ma ya same mu a cikin wani kogo. Babu wanda ya yi maganar gogewa.

Na juya don in miƙe wuya, sai na ga Mama a tsakar gida da tire a hannu, tsakanin ƙofata da tasa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Abincin ya daina tururi. Ba ta kira kowa ba, sauraro kawai take.

Yaya ya ce a kunnena, "Ku tsaya nan, kada wanda ya taɓa min akuya." Sannan da ƙarfi, ba ta cikin wasa ba: "Mama, a kai min nawa falo."

Na ji tayoyin sun wuce ta inda dokin ƙofa yake a da, ba su tsaya ba.